Gubar da ke nutsewa ƙasan rijiya: a zuƙo ta, a dafa ta, ko a killace ta?

Idan fetur ko dizal ya tsiyaye daga tankin gidan mai, aikin na da wuya, amma an san inda za a neme shi. Yana sauka har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya kwanta a kansa. Abin da masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka tarar ke nan a Nisisioken Ogale ta ƙasar Ogoni, a rahotonsu na 2011: tataccen mai, kaurin santimita 8, kwance a kan ruwan da rijiyoyin jama'a ke ɗiba. Amma akwai sinadaran da ba sa tsayawa a nan. Sun fi ruwa nauyi, kuma ba sa gauraya da shi, don haka sai su keta shi su ci gaba da sauka, suna bin yashi da tsakuwa da tsagar dutse, har su ci karo da yumɓu ko fa su taru a kai. Masana na kiran su DNAPL a taƙaice.

Fitattu a cikinsu su ne TCE, wanda masana'antu suka daɗe suna wanke maiƙon ƙarfe da shi, da PCE na masu wankin kwat da manyan riguna ba tare da ruwa ba. Lita guda ta TCE ta kai kilo 1.46, ta PCE kuwa kilo 1.62. Akwai kuma kwaltar kwal, da kiriyosot da ake jiƙa turakun lantarki da shi don kada gara ta ci, da tsohon man taransifoma mai ɗauke da sinadarin PCB. TCE na jawo kansar ƙoda. Hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar da haka a 2012. A Amurka, iyakar da doka ta yarda da ita a ruwan sha ita ce mikirogiram 5 a lita (mikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Yi lissafi da kanka: lita ɗaya tak ta TCE ta isa ta haramta shan ruwa kusan lita miliyan 300. Ga shi kuma a hankali yake narkewa, don haka duro biyu ko uku da suka ɓace a ƙasa a zamanin kakanni na iya shayar da jikoki guba. A sansanin sojan ruwa na Camp Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa, sojoji da iyalansu sun sha irin wannan ruwa daga 1953 zuwa 1987, kuma sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar neman diyya a kotu.

Duk wanda alhakin irin wannan fili ya hau kansa, mai masana'anta ne ko jami'in muhalli ko injiniyan da aka kira, zai tarar da 'yan kwangila kowa na yabon hajarsa. Kafin a saurari kowa, a raba abu biyu. Akwai tushe, wato inda ainihin sinadarin yake maƙale a matsayin ɗigo-ɗigo ko ɗan tafki, sau da yawa bai fi faɗin fili ɗaya ko biyu ba. Akwai kuma jela, wato ruwan da ya ratsa tushen ya kwashi guba ya yi gaba, wanda kan miƙe kilomita ɗaya ko fiye. Maganin tushe daban, maganin jela daban, kuma yawancin kuɗin da aka yi asara a wannan fage an yi shi ne wajen ba wa jela magani ana zaton tushe ake kashewa.

Hanyar da kowa ya fara da ita ita ce a haƙa rijiyoyi, a sa famfo ya zuƙo ruwan, a tace shi da gawayi na musamman ko a busa masa iska gubar ta fice, a zubar. Da aka kafa dokar Superfund ta tsabtace gurɓatattun filaye a Amurka a 1980, wannan aka yi ta yi a ɗaruruwan filaye, ana sa ran shekara biyar ko goma za a gama. A 1994 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta duba filaye 77 da ake wannan aiki, ta ga guda 8 ne kawai suka kai inda ake so. Dalilin a bayyane yake. Famfo ruwa yake ja, shi kuwa sinadarin yana manne a tsakanin ƙwayoyin yashi, ba ya motsi. Abin da ya narke kaɗai ake samu. A watannin farko awo zai nuna guba ta ragu sosai, kowa ya yi murna, daga nan sai ta tsaya cak a wani mataki ta ƙi sauka. A kashe famfo na wata uku, ta sake hawa.

Ba wai famfo ba shi da amfani ba ne. Idan jela ta doshi rijiyoyin gari, ba abin da ya fi shi saurin tare ta, kuma kowane mai haƙar burtsatse ya san kayansa. A ɗauke shi a matsayin shinge, a kuma sa a kasafi cewa kuɗin wuta da gawayi da ma'aikata na shekaru aru-aru ne. Wanda ya sayar maka da shi a matsayin magani ya cuce ka.

Filin Visalia da ke Kalifoniya ya nuna tazarar da ke tsakanin shinge da magani. Kamfanin lantarki ne ya yi shekaru yana jiƙa turaku da kiriyosot a wurin. Tun tsakiyar shekarun 1970 famfo ke aiki, kuma abin da yake fitarwa bai wuce kilo huɗu da rabi a mako ba. A 1997 aka fara hura tururi cikin ƙasa ta rijiyoyin da aka kewaye tushen da su, ana zuƙowa ta tsakiya. Zuwa 2000 an raba ƙasar da kusan kilo 590,000 na guba, wani an zuƙo shi, wani ya lalace a can ciki. Da famfo aka bari, aikin fiye da shekara 2,000 ne. A 2009 aka cire filin daga jerin gurɓatattun filayen ƙasar.

Dumama ƙasa ita ce hanya mafi ƙarfi da ake da ita, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. TCE shi kaɗai yana tafasa a digiri 87, PCE a 121. Amma idan suna haɗe da ruwa, tare suke tafasa tun kafin nan: TCE a wajen digiri 73, PCE a wajen 88. Ke nan ba sai an ƙona ƙasa ba. Da an kusa kai ta tafasar ruwa, sinadarin ya zama tururi, a zuƙe shi ta bututu a kama shi a sama. Kiriyosot da kwalta ba sa tafasa a wannan zafi, sai dai zafin na tsinka su su gudana.

Iri uku ake yi. Tururi na son yashi da tsakuwa inda zai sami hanya. Idan ya tarar da yumɓu sai ya kewaye shi. Na biyu, a kafa sandunan ƙarfe a ƙasa a sakar musu lantarki, wutar ta bi ta cikin danshin ƙasa daga wannan sanda zuwa waccan tana dumama ta. Wannan ya fi dacewa da laka da yumɓu, daidai inda sauran hanyoyi ke gazawa. Na uku, a zura na'urorin zafi a rijiyoyi, zafin ya ratsa ƙasa a hankali. Shi ne ke iya wuce digiri 300 idan PCB ake fama da shi, muddin an hana ruwa shigowa. Filin da ake wannan aiki ba ya ɓoyuwa: an lulluɓe shi da siminti ko shimfiɗa mai riƙe zafi, kawunan bututu sun fito jere, wayoyi masu kaurin hannu sun bi ƙasa, injin zuƙa na ruri dare da rana. Cikin wata shida zuwa shekara an kwashe kaya an tafi.

Matsalarsa kuɗi ce, kuma kuɗin na wuta ne. Kafin a ɗaga jiƙaƙƙiyar ƙasa mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya da zurfin mita ɗaya daga digiri 25 zuwa 100, ana bukatar wajen yunit 60 na lantarki, ban da abin da zai tafi wajen tafasa ruwan da wanda zai zurare gefe, waɗanda kan ninka wannan adadi sau da dama. Tushe mai faɗin mita 30 da tsawon mita 30 da zurfin mita 10 ya haura yunit rabin miliyan tun kafin a fara ƙirga asara. Inda wuta ke tsaye wannan lissafi ne kawai. Inda sai an kunna janareta, dizal ɗin kaɗai na iya kashe maganar. Kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, injin zuƙa ya tsaya, tururin guba zai tafi inda ya ga dama, ya huce a gefe ko a ƙasa, a wurin da da can yake da tsabta. Ruwan da ke gudu da sauri a ƙarƙashin ƙasa shi ma ɓarawon zafi ne.

Sai masu allura. Su sinadari suke turawa cikin ƙasa ya ƙone gubar a inda take. Wanda aka fi sani shi ne famanganet, maganin nan mai launin shunayya da ake narkawa a asibiti a jiƙa miki. Akwai kuma fasalfet da haidirojin feroksaid. A kwalbar gwaji abin burgewa ne, TCE na ɓacewa cikin sa'o'i. A ƙasa kuwa labari ya sha bamban. Maganin na bin hanya mai sauƙi, ya bi yashi ya bar laka. Ƙasar kanta na cinye kaso mai yawa kafin ya kai ga gubar. Famanganet na barin baƙin tsaki da kan lulluɓe ɗigon sinadarin ya kuma toshe hanyar ruwa, kuma akwai sinadarai irin su kabon tetirakilorayid da ba ya taɓa su sam. Feroksaid kuwa yana fitar da zafi da iska, har ruwa ya yi tsiri ta bakin rijiya idan aka yi gaggawa. Mafi muni, wannan hanya ta fi kowace yaudarar awo: mako biyu bayan allura ruwan rijiya ya koma shunayya, guba sifili, a biya ɗan kwangila, bayan wata shida launi ya washe, guba ta dawo. Tana da wurinta, wato ƙaramin tushe marar zurfi a cikin yashi, wanda aka san iyakarsa, kuma aka shirya yin allura sau uku ko huɗu tun daga farko.

An taɓa gwada waɗannan hanyoyi kafaɗa da kafaɗa. A Cape Canaveral ta Filorida, a dandalin harba kumbo mai lamba 34, inda Apollo 7 ya tashi a 1968, an yi shekaru ana wanke kayan roka da TCE. Daga 1999 aka yanka ƙananan filaye uku masu girma ɗaya, aka sa famanganet a ɗaya, lantarki a ɗaya, tururi a ɗaya. Dukansu sun rage gubar da tsakanin kashi uku cikin huɗu zuwa tara cikin goma, lantarki na kan gaba, famanganet na baya. Sai dai ga abin lura. Ruwan da ke gogar ainihin TCE na iya ɗaukar fiye da mikirogiram miliyan ɗaya a lita, doka kuwa 5 take so. Ko an rage kashi 99 cikin ɗari, saura tafiya mai nisa. Wani nazari da aka buga a 2006 ya bi filaye 59 da aka yi wa tushensu magani iri-iri, ya ga raguwa mai yawa a mafi yawansu, amma babu ko ɗaya da duk rijiyoyinsa suka kai matakin ruwan sha.

Me ya sa? Yumɓu. Shekara talatin ko arba'in gubar na kwance a kansa tana shiga cikinsa sannu a hankali. Ranar da aka share yashin da ke sama, sai yumɓun ya fara amayo abin da ya sha. Duk wanda ya taɓa zuba kananzir a tulu ya san haka: ko sau nawa aka wanke, ruwan da ya kwana a ciki sai ya tashi da wari. Masu bincike na jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna wannan a wata masana'anta a jihar Connecticut, inda aka kewaye tushen kaf da katangar ƙarfe a 1994, amma jela ta ƙi mutuwa, don lakar da ke ƙarƙashinta na ci gaba da ciyar da ita.

A nan ne hanyar da na fi karkata gare ta ke shigowa, duk da rashin saurinta. A 1997 masana a jami'ar Cornell suka ware wata ƙwayar bakteriya, Dehalococcoides, wadda ke rayuwa inda babu iska, tana cire kilorin daga PCE ɗaya bayan ɗaya: PCE ya koma TCE, TCE ya koma DCE, shi kuma ya koma binil kilorayid, a ƙarshe ya zama etin, iskar da ba ta cutarwa. Aikin injiniya shi ne ya ciyar da ƙasa. Ana tura man waken soya da aka dama da ruwa, ko kaurin ruwan rake da ke ragewa a masana'antar sukari, ko ruwan da ke fita idan an yi cuku. Wasu ƙwayoyin su ruɓar da abincin, su cinye iskar da ke ruwan, su saki haidirojin, ita kuma Dehalococcoides ta yi amfani da shi. Inda ba ta nan sai a sayo ta a zuba; akwai haɗin da ake kira KB-1, wanda aka raina a jami'ar Toronto.

Araha ce idan aka gwada da zafi, ba ta bukatar wuta kullum, kuma man da aka tura kan yi shekaru yana aiki, don haka tana nan tana jiran abin da yumɓu zai amayo. Haɗarinta ɗaya ne babba: idan aikin ya tsaya a rabi, binil kilorayid zai taru, shi kuwa ya fi uwarsa sharri, iyakarsa a Amurka mikirogiram 2 ce. Ruwa mai tsami na kashe ƙwayoyin, kuma ruɓewar man kanta na ƙara tsami, sai an riƙa sa abin da zai kashe shi. Ruwan wurin zai yi wari, ya yi baƙi, iskar mitan mai kamawa da wuta na iya taruwa ƙarƙashin gini. Kuma idan tafki ne sosai na sinadari, ƙwayoyin gefe-gefe kawai za su iya lasa. Ba ta kiriyosot ba ce, ba ta PCB ba ce.

Ga jela kuwa akwai katangar garin ƙarfe. Robert Gillham na Waterloo ne ya gano cewa tsakin ƙarfe na warware TCE idan ruwa ya ratsa shi, aka gwada a sansanin Borden na Ontario a 1991. Ana haƙa rami a gicciye a gaban jela a cika shi da ƙarfen. Wadda aka yi a Elizabeth City ta jihar Karolina ta Arewa a 1996 tsawonta mita 46, zurfinta ya ɗan haura mita 7, kaurinta santimita 60. Babu famfo, babu wuta, ruwa ne ke kai kansa. Idan jela ba ta da zurfi kuma akwai yumɓu a ƙasa da za a dasa katangar a kai, ta fi famfo nesa ba kusa ba. Idan zurfin ya wuce inda injin haƙa ke kaiwa, ko ba a san ainihin inda ruwa ya dosa ba, zai bi ta ƙasa ko ta gefe ya wuce.

Wanke ƙasa da sinadarin sabulu ya yi abin mamaki a sansanin jiragen Hill da ke Utah a 1996, inda ya kwashe fiye da kashi 98 na abin da ya maƙale a wurin gwajin. Amma can yumɓu mai kauri ne a ƙasa kamar kwari, ba inda gubar za ta zurare. Inda babu irin wannan shimfiɗa, sabulun zai kwance ta ne ya tura ta ƙasa. Haƙewa a kwashe kuwa, idan abin bai wuce 'yan mitoci ba kuma akwai inda za a kai ƙasar, kada a raina shi don ba shi da sunan kimiyya; sau da yawa shi ne mafi tabbas.

Duk wannan magana ta yashi da laka ce. Idan sinadarin ya shiga tsagar dutse, lissafi ya sake. Tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba na iya kai shi zurfin mita 50 ko fiye, kuma rijiyoyi biyu da ke kusa da juna na iya zama ba su haɗa hanya ba. A Smithville ta Ontario, inda man PCB ya shiga dutse, da juji na Hyde Park kusa da Niagara, abin da aka tsaya a kai shi ne killacewa da famfo da sa ido. Tun 1993 hukumar muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta amince cewa akwai filayen da ba za a iya mayar da ruwansu na sha ba da fasahar da ake da ita. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Kano da Zariya da Kaduna a kan irin wannan tsohon dutse suke, kuma burtsatsensu daga ruɓaɓɓen dutse da tsagogi suke samun ruwa, saɓanin Maiduguri ko Sakkwato masu shimfiɗun yashi da yumɓu. Mai tsohuwar masana'anta a kan dutse, in ya tarar da irin wannan guba, abu na farko shi ne a rufe rijiyoyin da abin ya shafa a kawo wa mutane wani ruwan, sannan a hana kowa sabuwar haƙa a kewayen.

Hana haƙar nan ba wasa ba ce. Rijiyar bincike da aka huda ta tsakiyar tushe, ta keta yumɓun da ke riƙe da sinadarin, ta buɗe masa ƙofa zuwa ruwan da ke ƙasa. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma an sha yin sa. Shi ya sa masu aikin ke farawa daga waje su matso ciki, kuma ba kasafai suke ganin sinadarin da ido ba. Alamar da suke bi ita ce, idan awo ya nuna kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar abin da ruwa ke iya narkarwa, wato wajen mikirogiram 11,000 a lita ga TCE, to a ɗauka ainihinsa na kusa. Kuɗin da aka kashe wajen gano faɗin tushe da zurfinsa shi ne ke rage kuɗin kowace hanya daga baya, musamman zafi, inda kowace mita da aka dumama a banza asara ce.

Da ni ne da fili mai TCE ko PCE a ƙasa mai laka, ga gidaje kusa, ga kuɗi da tsayayyar wuta, zan dafa tushen, in bi bayansa da man waken soya da ƙwayoyi idan ƙasa ta huce ta koma ɗumi, don ɗumin na ƙara musu kuzari, in tare jela da katangar ƙarfe. Idan kuɗin bai kai ba, zan haƙe abin da ke sama, in sa ƙwayoyi, in haƙura da shekaru. Famanganet sai dai a ƙaramin wuri, kuma ba zan bi shi nan take da ƙwayoyi ba, don shi iska yake ƙara wa ƙasa, su kuwa rashinta suke so. Kowace aka zaɓa, a rubuta a takardar kwangila cewa kason ƙarshe na kuɗi sai bayan shekara ɗaya ko biyu da kashe injuna, da awon ƙasa da na ruwa daga rijiyoyi masu ɗiba a zurfi daban-daban, kuma wanda zai yi awon ba shi ne wanda ya yi aikin ba.